Muryar Mai Saye da Makomar Littafi: Ra'ayin Makaranta da Ɗabi'ar Adana Littattafan Hausa daga Kasuwar Kano zuwa Mahuta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin mai sayen littafi da mai rubuta shi da kuma mai sayar da shi a kasuwar ƙagaggun labaran Hausa, tun daga zamanin wasiƙar gidan waya har zuwa cinikin da ake yi yanzu ta wayar salula. An ɗora bayanin a kan kwatance da kasuwar littattafan labari cikin zane ta Amurka da Japan, inda ra'ayin masu saye da ɗabi'ar masu tarawa suka daɗe suna juya akalar ciniki. An ɗauki Mahuta da ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi a matsayin madubi, domin a nan ne ake ganin makarancin da yake karatu sosai amma muryarsa ba ta isa ga marubuci ba, kuma littafin da ya karanta ba ya daɗewa a hannunsa.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2024 aka yi gwanjon wani ɗan littafin zane a Amurka a kan dala miliyan 6. Littafin shi ne fitowa ta farko ta Action Comics, wadda aka buga a 1938, inda jarumin nan Superman ya fara bayyana. Lokacin da ya fito, santi 10 ne kuɗinsa, kuma an buga kimanin kwafi 200,000. Abin da ya tsira daga cikinsu a yau bai wuce kwafi ɗari ko makamancin haka ba. Sauran sun tafi inda takardar yara takan tafi: wasu iyaye sun share sun zubar, wasu an tattara su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don a sake sarrafa takardar.

Wanda ya san kasuwar littattafan Hausa ba zai rasa jin wani abu a ransa ba idan ya ji wannan labari. Dubban littattafan da aka buga a Kano da Kaduna da Zariya da Gusau daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 2000 sun bi irin wannan hanya, sai dai su babu wanda yake jiransu da dala a ƙarshen tafiya. Tambayar da wannan maƙala take son amsawa ita ce: me ya sa kasuwar da ta saurari makarancinta ƙwarai da gaske ta kasa haifar da mai adana abin da ta buga? Amsar tana cikin yadda ake sayen littafin, da wanda yake da bakin magana bayan an saya.

2.0 Masu karatu da masu tarawa a kasuwar littafin zane

Littafin zane, wanda Turawa suke kira komik, labari ne da ake bayarwa ta jerin hotunan da aka zana, da maganganun taurari a rubuce a cikinsu. A Amurka yakan fito ne kashi-kashi, galibi wata-wata, kuma tun shekarun 1960 kamfanonin Marvel da DC suka mayar da shafin wasiƙun makaranta wani ɓangare na littafin kansa. Yaro ya rubuto ya ce ga kuskuren da ya gani, edita ya ba shi amsa a fitowa ta gaba, sunansa da garinsu su fito a buge. A 1988 kamfanin DC ya kai abin matuƙa: ya ba makaranta lambobin waya biyu su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi da rai. Masu son a kashe shi suka samu ƙuri'a 5,343, masu son a bar shi 5,271. Da ratar ƙuri'a 72 aka kashe tauraro. A Japan kuwa, mujallar Shonen Jump ta daɗe tana saka katin jin ra'ayi a cikin kowace fitowa, kuma labarin da ya riƙa zuwa ƙarshe a ƙidayar makaranta yakan rasa gurbinsa.

Wannan fuska ɗaya ke nan, ta mai karatu. Akwai ta biyu, ta mai tarawa, kuma buƙatunsu sun bambanta. Mai karatu labari yake bi. Mai tarawa takarda yake bi: bugu na nawa ne, bangon ya lanƙwashe ko bai lanƙwashe ba, ƙusar da aka ɗinke shi da ita ta yi tsatsa ko ba ta yi ba. Tun shekarar 2000 akwai kamfanin CGC da aikinsa shi ne duba lafiyar littafi ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe shi cikin akwatin roba mai haske. Da zarar an buɗe akwatin, shaidar ta faɗi. Wato dai littafi mafi tsada shi ne wanda ba za a sake karantawa ba, abin da zai ba malamin zaure dariya.

Saboda haka ne ra'ayin da masu tarawa suke bayarwa a kan shagunan intanet yake karkata ga abubuwan da ba su shafi labari ba. Ƙorafinsu shi ne an naɗo littafi sakaka har kusurwa ta karye, ko an ce lafiyayye ne aka aiko da mai tabo, ko an karɓi kuɗin ajiya littafin bai zo ba. Shagon da ya yi suna da kyakkyawan naɗi da faɗin gaskiyar halin kaya shi yake riƙe abokan ciniki, ko da kayansa sun ɗan fi tsada. Amma ɗabi'ar tarawa ta taɓa kai kasuwar ta baro. A farkon shekarun 1990 mutane suka shiga sayen littattafai da yawa don ajiya da fatan riba. Fitowar farko ta sabon jerin X-Men a 1991 ta sayar da fiye da kwafi miliyan 8, kamfanoni suka riƙa buga littafi ɗaya da bango iri-iri don mai tarawa ya sayi kowanne. Da aka gane cewa abin da kowa ya ajiye ba zai taɓa yin ƙaranci ba, kasuwa ta faɗi, shaguna masu yawa suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya shiga matsalar fatarar kuɗi a Disamban 1996.

A Nijeriya littafin zane ya fi kafuwa a kudu. Mujallar African Film, mai labarin Lance Spearman cikin hotunan kyamara, ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1960, Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976, kamfanin Comic Republic ya kafu a Legas a 2013, Roye Okupe kuma ya gina labarin Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A ƙasar Hausa, in ban da irin su Sauna Jac da manya suke tunawa, da zanen barkwanci na jaridu, wannan nau'i bai yi kasuwa tasa ta kansa ba. Gurbin da yake cikewa a wasu ƙasashe, na labari mai araha da ke fitowa kashi-kashi matasa suna rububinsa, wani abu ne daban ya cike shi a nan.

3.0 Adabin Kasuwar Kano da kunnensa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya faro ne a hannun hukuma. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, daga baya Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da kamfanin NNPC na Zariya suka ci gaba da riƙe ragamar. A wannan tsari mai saye na ainihi shi ne makaranta da ma'aikatar ilimi. Edita ne yake yanke abin da ya dace, ɗalibi kuma ya karanta abin da aka ba shi. Ko da yake Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun kafuwarta a 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam, ta saba buga wasiƙun masu karatu, wannan ƙofa ta jarida ce, ba ta littafi ba.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko. Sannan tsuke bakin aljihu na shirin SAP daga 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Masu karatu suka yi yawa, littafi ya yi ƙaranci. Sai marubuta suka shiga buga abinsu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari da sauran kasuwannin Kano. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ƙungiyar Raina Kama ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, In Da So Da Ƙauna kuma ya zama zakaran gwajin dafi a farkon shekarun 1990.

Abin lura ga mai nazarin wannan yanki shi ne kudancin Katsina ya ba da manyan mutane a kowane ɓangare na wannan tarihi. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda makaranta suke kira Anti Bilki, ta fito da Allura Cikin Ruwa a 1994, daga baya Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni, ta zama ɗaya daga cikin marubutan da aka fi karantawa. Ibrahim Malumfashi shi ne ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da adabin kasuwar Onica, kuma ba da yabo ya yi kwatancen ba. Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, shi ya buɗe shafukan jarida ga muhawarar da ta biyo baya a shekarun 1990, wadda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka shiga suna kare marubutan. An yi ta ja-in-ja a kan ko wannan adabi ne ko shirme, amma kalmar kasuwa da Malumfashi ya zaɓa ta faɗi gaskiyar da duka ɓangarorin suka yarda da ita: littafin da ba a saya ba ba ya samun na biyu.

A nan ne tsarin kashi-kashi ya shigo. Marubuci ba shi da jarin buga labari mai shafi ɗari huɗu a lokaci guda, mai saye ma ba shi da kuɗin sayensa. Sai a raba shi littafi na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu, a tsaya a daidai inda zuciyar makaranci ta rataya. Kuɗin na ɗaya shi yake buga na biyu. Tsakanin fitowar ɗaya da ɗaya kuwa akwai makonni ko watanni, kuma a wannan tazara ce makaranci yake samun bakin magana. Marubuta suna buga adireshinsu a bango ko a shafin ƙarshe, bayan zuwan wayar salula a 2001 suka koma sa lambar waya. Wasiƙu suna zuwa: wata ta roƙi kada a raba masoya, wani ya yi fushi da yadda aka nuna iyaye, wata ta kawo matsalar aurenta tana neman shawara kamar marubuciyar yayarta ce. Brian Larkin, a nazarinsa na 1997 kan finafinan Indiya da masoyan Nijeriya, ya yi amfani da irin waɗannan wasiƙu da aka aika wa Gidan Dabino. Shafukan godiya da fatan alheri na littattafan, masu cike da sunayen makaranta da garuruwansu, su ne takwarorin shafin wasiƙu na Marvel, duk da cewa babu wanda ya kwaikwayi wani.

Akwai kuma murya ta uku wadda ta fi wasiƙa ƙarfi, ita ce ta dillalin littafi. Shi yake ganin wanda ya ƙare a mako guda da wanda ƙura ta rufe. Shi yake ce wa marubuci a sauya suna, ko a sa hoton 'yan fim a bango, ko a ƙara kishiya a labari. Sau da yawa shi yake ba da kuɗin bugun. Ra'ayin dubban masu saye yana isa ga marubuci ne ta bakin mutum ɗaya wanda ribarsa ce ma'auninsa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aka riƙa samun littattafai masu kama da juna a duk lokacin da wani ya yi kasuwa.

4.0 Mahuta: inda littafi yake zuwa ya tsufa

Garuruwa biyu ne suke amsa sunan Mahuta a kudancin Katsina, ɗaya a ƙaramar hukumar Ƙafur kusa da Malumfashi, ɗaya a ƙasar Ɗandume yamma da Funtuwa. Dukkansu ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma abin da za a faɗa a kan ɗaya ya shafi ɗayan. Kuɗi a irin wannan wuri yana da lokaci. Da damina abin da ke hannu yana tafiya ga taki da ƙwadago. Da kaka, in an kai amfanin gona kasuwa, sai a ga sabon tufafi, a ga biki, a ga mai tallan littattafai ya shimfiɗa buhu a gefen kasuwa, Ƙawa'idi da Ahalari a gefe guda, littattafan soyayya a ɗaya gefen. Littafin da ya fito a Kano yakan bi ta Funtuwa ko Malumfashi kafin ya iso, kuma ba lallai ne kashi na biyu ya biyo hanyar da na ɗaya ya bi ba. Makaranciyar ƙauye ta saba da karanta na ɗaya da na uku, ta cike gurbin na biyu da labarin da ƙawarta ta ba ta.

Mafi yawan karatun ma ba ta hanyar saye ake yinsa ba. Haya ce da aro. Mai shago ko wata matar aure a cikin gida takan sayi littattafai ta riƙa bayarwa haya na kwana ɗaya ko biyu a kan ɗan kuɗi kaɗan, yara su ne 'yan aike tsakanin gidaje. Kwafi ɗaya yana iya ratsa unguwa guda, ya shiga makarantar kwana ta 'yan mata a ƙarƙashin katifa, ya dawo babu bango. Wadda ba ta iya karatu ba tana saurare a tsakar gida ana karantawa da ƙarfi, ko ta kama shirin karanta littattafai a rediyo, irin Shafa Labari Shuni na Rediyon Tarayya Kaduna. Ma'anar wannan ga lissafin kasuwa babba ce. Dillali a Kano ya ƙirga kwafi ɗaya, alhali mutum ashirin ko fiye sun ji labarin. Waɗannan ashirin ba su saya ba, don haka ba sa cikin ƙidayarsa. Ba su rubuta wasiƙa ba, domin kan sarki da zuwa gidan waya a Funtuwa ba ƙaramin aiki ba ne ga matar da ke cikin kulle. Ra'ayinsu yana nan, mai kaifi kuwa, ana baje shi a gidan suna da wajen kitso, sai dai a nan yake tsayawa. Marubucin da ya ce yana rubuta abin da makaranta suke so, a gaskiya yana rubuta abin da makarantan birni masu adireshi suke so ne.

Littafin da ya yi irin wannan yawo ba ya rayuwa. Takardar ta jarida ce mai araha, ɗinkin ƙusa biyu ne, ga gara, ga ɗigar ɗaki da damina, ga mai ƙosai da mai tsire suna neman abin naɗi. Amma ba za a ɗora laifin duka a kan takarda ba, domin Bahaushe ya iya adana abin da ya ɗauka da daraja. Malami yana da gafaka da tadarishi, kuma akwai littattafan hannu na ƙarni na 19 da suke nan lafiya a gidajen malamai, da taskar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna. Mata kuma suna da tasu al'adar tarawa wadda ta yi kama da ta masu littafin zane fiye da yadda ake zato, wato jeren ɗaki. Kwalla da samira da tangaran ana sayensu ne saiti-saiti, ana neman cikon wanda ya ɓace, ana sanin wane yayi ne ya wuce, ana goge su ana jerawa ba don a ci abinci a ciki ba, kuma in buƙata ta taso a sayar. Duk sharuɗɗan tarawa sun cika a nan: cikar saiti, lafiyar kaya, da kasuwar sake sayarwa. Littafin soyayya bai samu ko ɗaya daga ciki ba.

Dalili mafi girma shi ne matsayi. Abu ne da ake karantawa a ɓoye, malamin makaranta ya ƙwace, uba ya yi faɗa, mai wa'azi ya ambata a cikin abubuwan da suke ɓata tarbiyya. A 2007 gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a. Ko mutum yana ganin matakin daidai ne ko kuskure, saƙon da ya isa ga mai littafi a gida shi ne abin da ke hannunta ba abin gado ba ne. Amarya takan tafi gidan miji da jerenta, ta bar buhun littattafanta ga ƙanne.

Sakamakon haka shi ne mafi tsarin adanar wannan adabi a hannun manazarta yake, wasu ma a ƙasashen waje. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga daga 1987 zuwa 2002, a wani kundi da aka buga a Jamus a 2004, mai ɗauke da fiye da littafi 700, kuma tarin da aka gina kundin a kansa yana Landan. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a Katsina ko Dutsin-Ma kan marubutan Funtuwa yakan sha wahalar samun bugun farko na littafin da aka rubuta a garinsu. Akwai marubutan da su kansu ba su da kwafin littattafansu na farko.

5.0 Da kasuwa ta koma cikin waya

Finafinan Hausa sun janye wani kaso na makaranta da marubuta tun ƙarshen shekarun 1990, tsadar takarda ta ƙara matsa wa bugu, wayar zamani kuma ta ƙarasa aikin. Yanzu mafi yawan sababbin labarai a Facebook da WhatsApp da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks suke fitowa, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Tsarin kashi-kashi bai mutu ba, sai ma ƙara gajarta da ya yi. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta don ɗanɗano, in labari ya kama sai ta sanar cewa daga nan na kuɗi ne. Mai so ta tura kuɗi ta banki ko ta katin waya, ta aika shaidar biya, a saka ta cikin rukunin da ake sakin ci gaban.

Tazarar da a da take ɗaukar watanni tsakanin wasiƙa da amsa yanzu ta koma mintuna. Marubuciya tana sakin shafi da dare, kafin safiya ta san wanda aka tsana da wanda ake tausayi a cikin taurarinta. Har ta kai sharhi ya zama wani nau'in biya: ana jin marubuta suna gargaɗin cewa in ba a yi sharhi ba za su dakatar da labari. Wannan kusanci yana da amfani, domin ya ba matan da ba su da jari ko dillali damar samun makaranta da kuɗin shiga daga ɗakinsu, kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna yawan masu hazaƙa a cikinsu. Yana kuma da illa. Labarin da ake rubutawa yau a saki yau ba ya samun gyara, kuma marubucin da yake sauraron kowace murya yakan ja labari ya yi ta tsawo don masu biya ba sa son ya ƙare, ko ya karkata shi ga abin da ya fi tayar da ƙura. Masu magana a irin waɗannan rukunoni kaɗan ne daga cikin masu karatu, galibi waɗanda abin ya burge ƙwarai ko ya ɓata wa rai ƙwarai. Wannan matsala ce da aka sani a duk inda ake auna kaya da ra'ayin masu saye a intanet, amma ta fi tsanani a inda kayan bai gama ƙeruwa ba tukuna.

Ƙorafin masu saye ma ya sauya kama, ya koma kusa da na abokan cinikin shagunan littafin zane: an biya ba a saka mutum a rukuni ba, an karɓi kuɗi an bar labari a tsakiya, an yi alkawarin shafi kullum an koma mako-mako. Marubuta kuma nasu kukan shi ne masu fitar da littafin kuɗi su yaɗa shi kyauta. Amana ce jarin duka ɓangarorin, babu rasit, babu hukumar da za a kai ƙara.

Makaranciyar Mahuta fa? Ta matso kusa fiye da da, amma har yanzu a bakin ƙofa take. Sau da yawa wayar ta miji ce ko ta wa, cajinta a shago ake yi, kuɗin data yana gogayya da kuɗin cefane, biyan kuɗi kuma sai an aika yaro wurin mai POS. Don haka labari yakan iso mata ne ta hannun masu tura finafinai da waƙoƙi a katin waya, ko daga wayar ƙawa, bayan an gama shi an tattara. Tsohuwar haya ce ta dawo da sabuwar riga, kuma kamar da, karatun nata ba ya shiga lissafin kowa. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Ɗandume da Bakori da Faskari, ba a maido da su ba sai a Disamba. Duk wadda ta biya kuɗin labari a wannan yanki ta zauna wata uku babu ci gaba, wanda yake da tsohon littafin takarda a ƙasan akwati kuwa ya ciro abinsa ya karanta.

Batun adanawa ya ƙara rikicewa. Littafin takarda, duk rashin ƙwarinsa, sai an bi kwafi ɗaya-ɗaya kafin a ƙarar da shi. Na waya yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Kamfanin OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinsa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu. Masu karanta littafin zane ma sun ɗanɗana irin wannan bayan Amazon ya sayi ComiXology a 2014, daga bisani ya narkar da manhajar cikin Kindle a 2023 duk da ƙorafin masu amfani da ita. Abin da mai saye yake biya a irin wannan ciniki izinin karatu ne. Labarin da aka saki a rukunin WhatsApp kuwa ba shi da lambar ISBN, ba shi da shekarar bugu, wani lokaci sunan marubuciyar ma laƙabi ne, kuma kwafin da ke yawo a wayoyi an sha yanke masa kai ko an sauya sunan mai shi. Dokar ajiyar littattafai ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya kai kwafin abin da ya buga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Marubutan kasuwar Kano kaɗan ne suka bi ta a zamanin takarda, na zamanin waya kuwa ba su da kwafin da za su kai.

Sassan Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya da Kano suna da ɗalibai daga kusan kowane ƙauye na wannan yanki, kuma kowane hutu suna komawa gidajen da ragowar littattafan shekarun 1990 suke kwance a cikin buhuna da tsofaffin akwatuna. Tsofaffin masu ba da haya suna nan da rai a Funtuwa da Malumfashi da Ƙafur, sun san wane littafi ne aka fi nema, wanne aka dawo da shi ba a gama ba, wanne ne miji ya hana shiga gidansa. Wasiƙun da makaranta suka aika wa marubuta, in ba a zubar ba, suna hannun marubutan ko iyalansu. Tattara kwafi ɗaya na kowane littafi, da ɗaukar hoton shafukansa har da na godiya da fatan alheri inda sunayen garuruwa suke, da naɗar hira da masu haya, aiki ne da ɗaliban aji huɗu za su iya yi a zango guda ba tare da wani babban kasafi ba.